Kafin Ka Taɓa Fitilun Dashbod

Ɗana, tun da Allah Ya sa an yaye ka har ka kafa taka rumfar wayarin, akwai aikin da zai riƙa zuwa maka a kai a kai, domin shi samari ke yayi yanzu: a cire tsofaffin ƙwayayen fitilar dashbod a sa na LED. Ba na hana ka. LED abu ne mai kyau. Ƙaramin ƙwan nan T5 yana jan wat 1.2, babban T10 yana kai wa wat 5, kuma yawancin wutar zafi take zama. Na sha buɗe mita in tarar roba ta soye ta yi baƙi a gindin ƙwai. LED kuwa abin da yake ja kaɗan ne, in ka dace da mai kyau sai mota ta tsufa yana nan daram.

Ƙananan abubuwan ka riga ka gan su a hannuna. Ka fara cire kan batir. Ka lallaɓa robar dashbod, domin motar da ta shekara ashirin tana shan ranar ƙasar nan robarta ta bushe, ɗan murɗi kaɗan sai ta ɓalle. Takardar da ke bayan mita, mai layin jan ƙarfe siriri, in ta yage ka jawo wa kanka aikin yini. LED yana da gaba da baya. In ka sa bai kama ba, zare shi ka juya, kada ka yi saurin cewa mai shago a Ƙofar Ruwa ya cuce ka. Ka gwada su duka kafin ka ɗaure noti ko ɗaya. Ka nemi irin wanda haskensa ke fita ta gefe-gefe, don tsohon ƙwai ko'ina yake haskawa, kuma a kan haka aka ƙera mitar. Mai harba haske gaba kawai zai ba ka 80 tana walƙiya, 120 tana cikin duhu.

Yanzu ka ba ni kunnenka, ga inda maganar take.

Jar fitilar nan mai hoton batir ba ado ba ce, kuma aikinta bai tsaya ga gargaɗi ba. A tsofaffin motoci da yawa, irin su Marsandi 200 da 230 da Bitil, da sauran masu tsohuwar altaneta ta Bosch, wutar da ke tayar da altaneta ta cikin wannan ƙwan take bi. Idan direba ya murɗa makulli, wuta takan fito daga batir, ta ratsa ƙwan, ta gangara zuwa inda aka rubuta D+ ko 61 a jikin altaneta, ta ba ta maganaɗisun farko. Da inji ya tashi, altaneta ta fara ba da tata wutar, ƙarfin ɓangarorin biyu ya zo daidai, sai fitilar ta mutu. To, LED ba ya barin isasshiyar wuta ta wuce. Sai ka ga altaneta ta ƙi caji sai an taka totur da ƙarfi, wata ma ta ƙi sam. Mai mota ya bar rumfarka yana murna da sabon haske, bayan kwana biyu batir ya sauka a tsakanin Zariya da Kaduna cikin dare, da iyalinsa a ciki. Ya sayi sabon batir, ya canza altaneta, cutar tana nan, alhali ƙwan da kuɗinsa bai kai na ƙosai ba ne sanadi. Akwai dabarar haɗa razista a gefen LED don wuta ta sami hanya, amma ni shawarata ka bar wannan ƙwan yadda kamfani ya sa shi. Kuma duk motar da ka taɓa mitarta, ka tayar da ita ka auna kan batir: in ba ka ga wajen bolt 13.8 zuwa 14.4 ba, kada ka miƙa makulli.

Fitilar mai ma tana da irin wannan sirrin a wasu tsofaffin Toyota da Honda. Akwai wani ɗan abu a cikin tanki wanda fetur ke sanyaya shi. Idan mai ya yi ƙasa ya bar shi a sarari, wutar da ke bi ta ƙwan sai ta ɗumama shi, ya buɗe hanya, fitila ta kama a hankali. In ka sa LED, 'yar wutar da ke zurara kullum ta ishe shi kamawa, sai ya zauna a kunne ko tanki na cike. Direba ya saba da ganinsa, ya daina kula.

Sai batun launi da ƙarfin haske. Yaran yanzu shuɗi suke so, mai kashe ido. Ka zaunar da mai mota ka gaya masa gaskiya cikin ladabi: "Alhaji, wa zai tuƙa motar nan da dare?" Ido yana ɗaukar wajen minti 20 zuwa 30 kafin ya gama sabawa da duhu, haske mai ƙarfi kuwa nan take yake ɓata wannan sabon. Shuɗi ya fi kowane launi wahalar karantawa, musamman ga wanda shekaru suka fara ja. Ba banza ba kamfanin BMW ya daɗe yana amfani da launin ruwan goro a mitocinsa. Mu da muke bin hanyoyin da babu fitilun titi, inda tirela ke lalacewa a tsakiyar kwalta a jera ganye maimakon alama, inda shanu ke tsallakawa ba sallama, idon direba a waje ake bukatarsa. Ka kuma sani ɗan abin murɗawa na rage haske don tsohon ƙwai aka yi shi. Da LED mai araha sau da yawa ba ya raguwa, ko dai ya cika ko ya mutu. Ka gwada wannan a gaban mai mota, da magariba in da hali.

Sababbin motoci kuwa LED ɗinsu a manne yake da dalma a jikin allo, sai an zare allurai kafin a kai gare shi. Allurar da aka mayar ba daidai ba za ta nuna 100 mota tana gudun 115. In hannunka bai faɗa ba tukuna, ka ce ba ka yi. Ba abin kunya ba ne.

Akwai kuma wanda zai zo maka da murya ƙasa-ƙasa, yawanci dillalin da ke shirin sayar da mota, ya ce tun da ka buɗe mita, ka cire masa ƙwan cek injin, ko na ABS, ko na jakar iska, ko ka liƙe shi da baƙin salatif. Zai ba ka ninkin kuɗin aikinka. Wannan algus ne, kuma da hannunka za a yi shi. Wanda zai sayi motar ya amince da abin da dashbod ya nuna masa. In fitilar baƙin mai ce aka kashe, inji zai ƙone bai sani ba. In ta burki ce, rai ake magana. Ka ƙi, ko da ranar ba ka yi cinikin sisi ba.

Kuma ka koya wa duk wanda ya kawo maka mota wannan gwajin, kyauta: ya murɗa makulli ba tare da ya tayar ba, ya ga fitilun gargaɗi sun kama, na batir da na baƙin mai da na inji da sauransu, sannan ya tayar ya ga sun mutu. Wadda ba ta kama ba tun farko, a bincika ta kafin a hau hanya. Allah Ya yi wa sana'arka albarka, Ya tsare ka da cin haram.