Mai Kwana A Kan Ɗinkinsa

Kowane tela ya san wani ne zai sa rigar da ya ɗinka. In ɗinki ya warware a tsakiyar kasuwa, mai riga ne zai sha kunya, tela kuwa yana can bakin kekensa. Amma akwai wani ɗinki wanda ba haka ya ke ba, watau ɗinkin amuku, gadon nan na yadi da a ke ratayewa tsakanin itatuwa biyu. Wanda ya ɗinka wa kansa amuku, a kan ɗinkinsa zai kwana. In ya yi ha'inci, ƙasa ce za ta ba shi labari da tsakar dare.

Amuku ba kayan ƙasar Hausa ba ne tun asali. A tsibiran Karibiyan Kolumbus ya tarar da mutane suna kwana a cikinsa a 1492, suna ce masa hamaka. Daga bakinsu sunan ya shiga harsunan Turai, har ya iso mu. Ma'aikatan jiragen ruwa suka karɓe shi, domin ba ya cin wuri, kuma ko jirgi ya yi tangaɗi mai barci ba ya faɗuwa. A Yaƙin Duniya na Biyu, 1939 zuwa 1945, sojan Amurka suka yi ta kwana cikin wani iri mai rufi da gidan sauro, saboda dazuzzuka masu laima.

Sauro kuwa ba abokin wasa ba ne. A 1897 wani likita Bature, Ronald Ross, ya gano ƙwayar zazzaɓi cikin cikin sauro a ƙasar Indiya. Macen sauro ce ke ɗauke da cutar, ta fi cizo kuwa daga magariba zuwa asuba. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, zazzaɓin nan ya kashe fiye da mutum 600,000 a 2022, mafi yawansu a Afirka. Gidan sauro na ɗaki yana tsare mai kwana a gida. To, masunci da mafarauci da manomin da dare kan yi masa a gona mai nisa fa? Don irin waɗannan ne a ke raba amuku mai gidan sauro ga masu aikin daji a ƙasar Kambodiya. Wanda ba a raba wa ba, in yana da allura da haƙuri, yana iya yi wa kansa.

Da fari sai ya nemi yadi 4 na nailan mai ƙarfi, mai faɗin inci 60. In bai samu ba, kaki ma ya yi, sai dai ya fi nauyi, kuma yana daɗewa bai bushe ba. Lalle ne yadin ya zama falle guda, ba haɗi a tsakiya, gama wurin haɗi nan ne ya kan fara yagewa. Zare kuma na roba ya fi, domin na auduga yana ruɓewa da laima.

Sa'an nan ya kalmashe dogayen gefuna biyu. A kowane ƙarshe ya naɗe yadin kamar inci biyu, ya yi masa ƙubaka irin ta wando inda a ke zura zariya. Nan ne ran aikin ya ke, domin nauyin mutum duka a kan ƙubakar nan zai sauka. Saboda haka sai ya bi ta da ɗinki layi uku, ya maimaita a farkon kowane layi da ƙarshensa. Kada ya matse ɗinkin ƙwarai. Taku 8 zuwa 10 a kowane inci ya isa, gama huda in ta yi yawa raunana yadi ta ke yi. In an gama, tsawon amuku zai tsaya wajen ƙafa 11. Sai ya zura igiya mai ƙarfi cikin kowace ƙubaka, ya tattare bakin, ya ƙulle.

Daga wannan kai zuwa wancan a kan ɗaura wata siririyar igiya, tsawonta kashi biyar cikin shida na tsawon amuku, watau inci 110. Amfaninta biyu ne. Ita ke sa amuku ya yi ciki daidai kowane dare, ita ce kuma ke ɗaga gidan sauro daga fuskar mai barci.

Gidan sauron ba ya bukatar zif. A yafa ragar a kan igiyar nan, ta sauko dama da hagu har ta wuce ƙarƙashin amuku. A ɗinke ƙarshenta biyu, a bar 'yar kafa inda igiya za ta fita, a yi wa bakinta na ƙasa ƙubaka, a zura zariya. Mutum ya shiga ta ƙasa, ya ja zariya, baki ya tsuke. Dalilin saukar da raga har ƙasa shi ne sauro yana iya cizo ta cikin yadi marar kauri inda baya ya manne. Raga mai magani ta fi, kuma kafa ko da ta kan yatsa ce a toshe ta tun da rana.

Ratayewa ma da nata ilmi. Wanda bai sani ba ya kan ja igiya ta miƙe sambal, yana tsammani ya ƙara wa gado ƙarfi, alhali kuwa ya ninka wa igiya da ɗinki nauyi ne. In an bar amuku ya yi ciki kamar jinjirin wata, igiya ta karkata misalin digiri 30, kowace igiya nauyin mutumin kaɗai za ta ɗauka. A zaɓi ɗanyun itatuwa masu kauri, a duba sama ko da busasshen reshe. A ɗaura da ɗamara mai faɗin inci ɗaya ko fi, don kada a yanke ɓawon itace. Tsayin amuku daga ƙasa kada ya wuce na kujera. Mai kwanciya kuma ya ɗan gicciya, ƙafafu a gefe guda, kai a ɗaya gefen, sai bayansa ya miƙe.

Mai hankali ba ya fara gwada sabon amuku a daji. A gida zai rataye shi kusa da ƙasa, ya zauna a hankali, ya tashi ya bi ɗinkin da ido layi-layi. In ya ga inda zare ya buɗe, ya warware ya sake, ko da zai ci masa yini guda. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe.

Ba wanda zai tsaya duba layukan nan uku na cikin ƙubaka, ba wanda zai yaba su. Amma ran da dare ya yi wa mai su a bakin kogi, sauro na kuka a bayan raga, su ne za su riƙe shi har gari ya waye, ya koma wurin iyalinsa lafiya.