Gindin Katanga

Mu mutanen ƙasar Bade, labarin girgizar ƙasa a rediyo muke jin sa. Namu tsoron na ruwa ne. Duk shekarar da Kogin Yobe ya tumbatsa, kamar yadda ya yi a 2022, sai katangu a Katuzu da Gashuwa su jiƙe daga gindi, su riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Amma da na ƙara nazari, sai na ga ashe ruwa da girgiza tambaya guda suke yi wa gini: yaya aka aza ka?

A watan Janairun 2010 ƙasa ta girgiza a Haiti da ƙarfin maki 7.0, mutane fiye da 100,000 suka halaka. Wata na zagayowa, wata girgizar mai maki 8.8 ta afka wa Chile, amma mamatan ba su kai 1,000 ba. Daga cikin manyan dalilan wannan rata akwai dokar gini, wadda Chile ta tsananta, kuma ta tsaya a kan a bi ta.

Nijeriya ma ta fito da kundin ƙa'idojin gini a 2006. Duk da haka, a Yulin 2024 benen wata makaranta ya rufta a Jos, rayuka 22 suka salwanta, alhali ƙasa ko motsi ba ta yi ba. To, ina ga ranar da ta motsa, tun da ta riga ta yi gyaran murya a Mpape ta Abuja a 2018?

Kakanninmu ba su da kundi, amma suna da ƙa'ida, suna kuma da Sarkin Magina mai tsare ta. Sai ƙasa ta kwaɓu da ciyawa ta kwana biyu kafin a mulmula tubali. Gindin katanga ya fi samanta kauri. Yaɓe kuwa kafin damina ake yin sa. Yau mun koma bulo, ana tatsar buhun siminti har sai ya fitar da abin da ya fi ƙarfinsa, ana rage rodi, ana yanka filaye a hanyar ruwa.

Ya kai mai karatu, Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani. Ajali na Allah ne, ba musu. Amma ranar da za ka aza harsashi, ka tuna 'ya'yanka ne za su kwana a ƙarƙashin wannan rufi.