Ruwan da na yi ta ƙara wa tattasai

Duk wanda ya yi noman rani a gefen Gulbin Zamfara, daga Anka zuwa Bukkuyum har Gummi, ya san wannan ciwo ko da bai san sunansa ba. Da safe tattasai na tsaye kore shar, rana na take sai ganye ya langaɓe, da yamma ya ɗan farfaɗo. Bayan 'yan kwanaki sai ya kwanta, ba ya ƙara tashi. Ni dai ƙishirwa na gani a jikin ganyen nan, kuma da wannan fahimta na yi ta kashe shukata da hannuna.

Da na ga yaushi sai in tayar da inji, in cika kwami har ruwa ya kwana a ciki. Abin ya ƙaru. Na ɗora laifin a kan mai sayar da iri, na canja wani. Na sayi maganin feshi na wanke ganye da shi. Rani ya zagayo, na sake yin reno a wuri guda, da ƙasa guda, ina ɗibar ruwa daga kududdufin da rarar ruwan lambun ke gangarawa. Ciwon ya dawo tun shukar tana 'yar ƙarama: kara ya tsuke daidai bakin ƙasa, ta faɗi.

Kawuna ne ya tuge guda ya miƙo mini. Saiwar da ya kamata ta zama fara ta koma ruwan ƙasa, tana wari, kuma da na murza ta da yatsa sai fatar ta saɓule ta bar zare tsirara. Ya ce, "Kai ɗan nan, wannan ba ruwa ya rasa ba. Bakin da zai sha ruwan ne ya ruɓe." Ban taɓa tuge shuka na duba ƙarƙashinta ba sai ran nan, kuma wannan sakaci nawa ne ni kaɗai.

Daga baya na fahimci abin da ke faruwa. Saiwa tana numfashi, iskar kuwa tana cikin ƙananan ramukan ƙasa. Idan ruwa ya toshe su, saiwar ta galabaita, ga kuma ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi. A wannan hali ne ƙwayoyin da masana ke kira Pythium da Phytophthora ke samun shiga. Suna sakin 'ya'ya masu iyo, waɗanda ke bin ruwa daga kwami zuwa kwami suna neman saiwa. Danginsu ne ya cinye dankalin ƙasar Ailan tun daga 1845 har aka yi yunwar da ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya. Masu noman zamani da ke shuka a cikin ruwan taki ba tare da ƙasa ba, su ma wannan ne babban abokin gabarsu, domin tanki guda ke shayar da kowace shuka. Kududdufina ya zame mini irin wannan tanki: ruwa ya wanko cuta daga lambu, ni kuma na mayar da ita da inji.

Asarar kuɗi ba ta dame ni kamar abin da ya biyo baya ba. A shekarar da renona ya ɗan yi kyau a ido, na ba maƙwabcina dashe kyauta, da ƙasar jikinsa. Mutum ne mai iyali da yawa, lambun nan ne cefanensa. Cikin wata guda nasa ma ya fara kwanciya. Bai taɓa faɗa mini magana ba, amma na je da ƙafata na gaya masa inda ciwon ya fito, domin kada ya yi ta zargin iri da taki kamar yadda na yi.

Gyaran bai zo da sauri ba, don ƙwayar tana iya shekaru a cikin ƙasa tana jira. Na bar kwami na koma kunya mai tudu, yadda ruwa zai bi kwari ya wuce ba tare da ya taɓa wuyan shuka ba. Kafin in ba da ruwa sai na tura yatsa cikin ƙasa. In da danshi, inji ya huta. Na daina ɗiba daga kududdufi, na koma rijiya. Wurin reno kuwa, a tsakiyar bazara nake jiƙa shi in rufe da farar leda mai shara-shara na tsawon mako huɗu zuwa shida, zafin rana ya dafa ƙasar. Maganin da ke da sinadarin metalaxyl yana kare lafiyayyar saiwa, amma ba ya ta da wadda ta riga ta ruɓe. Wadda ta kamu, tugewa ake yi da ƙasarta a ƙone nesa da ruwa.

Ambaliyar da ta shafi Gummi a watan Agustan 2024 ta ƙara mini damuwa, domin ruwa irin wannan yana kwashe ƙasar wani lambu ya zuba a na wani. Yanzu ko sabon wuri na samu, ba na ɗaukarsa a matsayin mai lafiya.

Ɓangaren da ya kamu a lambuna da na maƙwabcina mun hana masa tattasai, attaruhu, tumatir, yalo da kabewa, don duk cutar na cin su. Masara muke sa wa, kuma haka za mu ci gaba aƙalla shekara uku. Irin masarar da takinta na bana, ni na ɗauki nauyin na maƙwabcin nawa.