WAƘAR DA MUKA KIRA HAYANIYA

Daren Juma'ar da ta wuce, a teburin mai shayin unguwarmu a nan Karaye, na kunna wata waƙa a wayata. Ko minti ɗaya ba ta yi ba aka yi min ca. Wani ya ce, "Malam, janaretan wa ya lalace?" Wani ya ce in kashe kafin liman ya wuce. Aka yi ta dariya, har da ni.

Waƙar ita ce "Funeral for Justice", wato jana'izar adalci, wadda Mdou Moctar da 'yan ƙungiyarsa suka saki a Fabrairun 2024. Buzu ne ɗan Nijar, sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, bahago ne wajen kaɗa jita. Kiɗan nasu irin mai ƙarar nan ne da Turawa ke kira rok, amma da Buzanci yake rerawa.

Akwai wani dattijo Buzu da ke gadin shagunan bakin titi. Shekara da shekaru gaisuwa kawai ke haɗa mu. Sai ga shi ya taso ya ce, "Yaro, maido ta baya." Na mayar. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce mana da shugabannin Afirka mawaƙin yake, yana tuhumarsu kan sakin arzikin ƙasashensu a hannun baƙi. Teburin ya yi tsit. Mai maganar janareta ne ya fara cewa, "Baba, a ƙara mana."

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, wannan mutumin ba baƙonmu ba ne. Kundin waƙoƙinsa na farko, "Anar", a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da irin gyaran muryar nan ta kwamfuta da muka sani a waƙoƙin finafinan Hausa. Ta memori da bulutut waƙoƙin suka zaga Sahara, kafin Turawa su ji labarinsa. Jitarsa ta farko ma da wayar birkin keke ya haɗa ta.

Lokacin da sojoji suka kifar da Bazoum ranar 26 ga Yuli 2023, suna Amurka suna wasa, komawa gida ta gagare su na ɗan lokaci. Najeriya ta rufe boda, ta yanke wa Nijar lantarki. Shi kuma ya faɗa a fili cewa ba ya goyon bayan juyin mulki, kuma ba ya son zaman Faransa a ƙasarsa. Jaridun Amurka da Ingila suka yi ta yabon waƙar. Mu maƙwabta kuwa, janareta muka ji.

Washegari na shiga mota zuwa Rogo. Tun daga tasha har muka sauka, duk waƙar da direba ya sa, in ba ta soyayya ba ce, to ta kambama wani ɗan siyasa ce da zagin abokin hamayyarsa. Sai na tuna: a 2019 aka ba Karaye masarauta, a Mayun 2024 aka rushe ta, a Yuli aka dawo da ita mai daraja ta biyu, mu da Rogo. Rigimar masarautun nan ta sha waƙa daga kowane ɓangare. To, madatsar Challawa da ke bayan gidanmu fa, alhali yara na yawo da jarka neman ruwan sha? Kuɗin takin da ya gagari mai noman rake fa? Wa ya yi musu baiti ɗaya?

Ba na ganin laifin mawaƙanmu su kaɗai, wallahi. Mawaƙi ma yana da iyali. Mu ba ma sayen waƙa, wajen mai turi muke zuwa a cika mana memori. Wanda ya ba da mota da kujerar Makka kuwa, shi za a yi wa waƙa. In muna son a rera damuwarmu, sai mu yarda mu riƙe mai rerawar, ko da sauraro ne da yaɗawa.

Ba cewa na yi kowa ya koma jin rok ba, ni ma kunnena bai gama sabawa ba. Amma kafin mu yi wa abu dariya, mu tambayi me yake cewa.

Jiya na koma wajen dattijon nan, na zauna ya dafa mana shayinsu mai kumfa. A karon farko na tambaye shi sunansa.

Allah Ya ba mu shugabanni masu jin kukan talaka.