Daga Gwandu Zuwa Kalgo da Kare Mai Karaya

Ƙarfe bakwai da rabi na safe motarmu ta bar Sakkwato, fasinja shida, biyu a gaba huɗu a baya, kowa Naira 3,500 zuwa Tambuwal. Ƙarshen hunturu ne, hazo ya sauko har ba a ganin abin da ke nesa. Muka wuce Boɗinga da Shagari ina takure a tsakiya, ƙafata ɗaya ta yi sanyi. Tafiyar kusan kilomita 100 ce, ta ci mana awa biyu ba kaɗan. A Tambuwal na sauka na hau kabu-kabu, abin da mu a Kano muke kira acaɓa, na biya Naira 1,500 zuwa Gwandu.

Hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ne ya kai ni. Bakano yana da dalilin wannan ziyara, domin a Kano Malam Abdullahi ya rubuta Diya'ul Hukkam. A Gwandu Shehu Usmanu ya yi sansani a 1805, kuma nan ƙanen nasa ya dawo da zama bayan rasuwar Shehu a 1817, har shi ma ya cika. Na zo da tsammanin babban birni, sai na tarar da gari mai natsuwa, ba hayaniya, tunda tun farkon zamanin Turawa fadar Sarkin Gwandu ta koma Birnin Kebbi. Na yi ziyara, na zaga, na kwana gidan wani abokin karatu, gajiya ta hana ni ko hirar dare.

Washegari wajen ƙarfe tara na iso tasha ina neman motar Jega, sai na tarar da gardama. Wani dattijo ne a tsaye, hannunsa na dama ɗaure da tsumma. A gefensa yaro ɗan shekara kamar goma sha biyu ya durƙusa kan buhun da aka shimfiɗa, a kan buhun kuma baƙin kare ne kwance, an ɗaure masa baki da ƙyalle, ƙafarsa ta gaba tana reto. Direba na cewa, "Baba, ka yi haƙuri, ban ɗaukar kare cikin motata. Mutane na ɗauko." Wani daga gefe ya yi dariya ya ce a kai shi bayan gari a bar shi, Allah ya yi masa yadda ya so.

A unguwar da na tashi, kare abin jifa ne, yara su bi shi da dutse babu mai tsawata musu. Shi ya sa na tsaya kallon yaron nan. Bai ce wa kowa uffan ba, yana dai kore wa karen ƙuda.

Na gaida dattijon na tambayi abin da ya faru. Ya ce jiya gab da magariba yaron, ɗansa, na dawowa daga garkar albasa, karen na biye da shi kamar kullum. Yaron ya riga ya tsallake titi, ya waiwaya ya kira shi, "Duna!" Karen ya sheƙo a guje daidai lokacin da wata motar kaya ta taho. Direban bai tsaya ba. "Da na zo ɗaukar shi ne ya kama min hannu," in ji dattijon. "Ba halinshi ba ne, zafin ciwo ne. Yaron ga kuwa bai yi kwana ba jiya." Ya ce tun karen na ɗan kwikwiyo yaron ke ba shi abinci, shi ke gadin garka da dare, shi ke hana awaki shiga. Maƙwabta sun taru kowa da shawararsa, wasu na cewa a jiƙa masa maganin ciwon jiki a ɗura masa. Sai ya buga wa ƙanen matarsa waya, malamin dabbobi ne a Kalgo, shi ya ce kada a ba shi ko ƙwaya ɗaya ta mutane, a ɗaure masa baki, a ɗauke shi a kan buhu, a kawo shi.

Wani malami mai farin rawani da ke cikin motar tun ɗazu shi ya raba gardamar. Ya leƙo ya ce wa direba, a mazhabar Malikiyya da muke bi duk mai rai tsarkakakke ne, har yawunsa, kuma shari'a ta yarda a ajiye kare don gadin gona da kiwo da farauta. Ya tuna masa hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Direba ya sosa ƙeya ya ce to, amma a baya, kuma sai an biya kuɗin kaya. Mu Naira 2,500 kowa zuwa Jega, Duna Naira 1,500. Motar irin mai dogon baya ce, aka gyara buhunan albasa aka yi masa wuri. Yaron ya ce shi ma can zai zauna, ba wanda ya hana shi.

Goma saura kwata muka tashi. Kafin mu hau babban titin Sakkwato zuwa Jega akwai ramuka, duk wanda muka faɗa sai karen ya yi wani siririn kuka ta hanci, yaron ya ce, "Sannu, Duna, sannu." Abin da ya ba ni mamaki, direban da ya gama rantsuwa ɗazu shi ne ya koma lallaɓa motar, yana kauce wa ramuka, har wata mata ta ce za ta makara. Warin albasa da ƙura suka cika motar, idona na ta ruwa.

A Aliero albasa ce ko'ina, tsibi-tsibi a bakin titi da cikin rumfunan kara, manyan motoci na lodin Kudu. Garin na da jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha tun 2006, amma tun kafin jami'a an san Aliero da ɗori, har daga nesa ake kawo masu karaya. Wani fasinja ya ce, "Baba, ga gidan ɗori nan, mi za ya kai ka Kalgo?" Dattijon ya ce ya san aikinsu, shi kansa sun taɓa ɗora masa hannu, amma Likita ya ce abin da ake tsoro ga wanda mota ta buge ba ƙafar ba ce kaɗai, sai an duba ciki.

Sha ɗaya da kwata muka shiga Jega, rana ta fara cizo. Nan ma sai da aka sake ciniki da wani direban, aka sake jin maganganu. Ni da nufina in wuce Birnin Kebbi kai tsaye, sai na ce a sauke ni tare da su. Naira 1,000 zuwa Kalgo, tafiyar ba ta kai minti arba'in ba. Hanyar ta fi ta baya kyau, fadamun shinkafar rani kore shar, injinan ban-ruwa na ta ƙara. Kalgo ta fi yadda na zata girma. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, wadda mazauninta na dindindin ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, ga kuma babban asibitin jiha, garin ya cika da sababbin gine-gine da ɗalibai.

A zauren gidansa malamin dabbobin ya tarbe mu. Bai fara da karen ba. "Yaya, kwance hannun nan in gani." Haƙora biyu sun shiga, an shafa toka a kai. Ya tambaya ko an taɓa yi wa karen allurar rigakafin hauka, aka ce ba a taɓa ba. Nan take ya sa aka kawo sabulu da buta, ya ce a yi ta wankewa da ruwa mai gudu har minti 15, sannan a wuce asibiti yau ɗin nan, a yi allurar cizon kare da ta sandarewar jiki. Dattijon ya ce ai Duna lafiyarsa lau. Ya ce ya yarda, amma ciwon haukan kare in ya bayyana a jikin mutum ba ya da magani, don haka ba a jira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta cizon kare ne. A nan gida cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ke Jihar Filato tana yin allurar rigakafin karnuka, sai dai mutanen karkara kaɗan ne ke kai nasu.

Sannan ya juya kan Duna. Ya ɗaga leɓensa ya duba dasashi, ya ce da ya yi fari fat da alamar jini na zuba a ciki. Ya latsa ciki a hankali, ya mintsini yatsun ƙafafun baya ya ga ya janye su, ya ce alhamdulillahi ƙashin baya bai taɓu ba. Karayar a ƙasan gwiwar ƙafar gaba take, kuma ƙashi bai huda fata ba. Ya yi masa allurar kashe zafi da ta sa barci, ya ja ƙafar ya daidaita, ya naɗa auduga, ya kafa ɓallin katako, ya bi da bandeji. Kuɗin magani da kayan ɗauri Naira 12,000, na aikinsa kuwa ya ce ba ya karɓa a hannun ɗan yayarsa. Game da ƙwayoyin da aka so ɗura masa jiya, ya ce irin su ibuprofen da diclofenac suna huda wa kare ciki su lalata ƙoda, farasitamol kuma kan taɓa hanta.

Na tambaye shi, da a cinya karayar take fa? Ya ce sai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, a ɗauki hoton ƙashi a sa ƙarfe, kuma kuɗin zai iya fin na rago. Ya ce aikinsa kusan duka kan shanu da tumaki da kaji ne, masu kawo kare sai mafarauta da masu karnukan Turawa na Birnin Kebbi. Wannan magana ta tsaya mini a rai. Dabbar da ake kaiwa kasuwa tana da mota, tana da magani, tana da mai tausaya wa mai ita in ta faɗi. Wadda ke kwana tana gadin albasar da za a kai kasuwar kuwa, in ta ji ciwo, mai ita sai ya haɗa da jure dariyar mutane. Ban ga adalci a nan ba.

Sai a lokacin yaron ya yi magana, muryarsa na rawa. "Kawu, ni na kira shi." Kawun bai ce masa ya daina kuka ba. Ya ce, "Kai ka kira shi, amma ba kai ka tuƙa motar ba. Zo nan, aiki gare ka." Ya lissafa masa: mako shida zuwa takwas karen na ɗaure a inuwa, ba gudu ba tsalle. Kada ruwa ya taɓa bandejin. Safe da yamma ya taɓa yatsun ƙafar, in sun kumbura ko sun yi sanyi ko ya ji wari, ya sa a bugo waya. Kwana 10 na farko ya lura ko karen ya canza hali, ko yana dalalar da yawu, ko ya ƙi abinci. In ya warke, ba ya sake tsallaka titi sai da igiya a wuya. Ya sa shi ya maimaita, yaron ya kawo su duka bai bar ko ɗaya ba. Da aka kawo tuwo, ya ci, abin da uban ya ce bai yi ba tun jiya.

Bayan azahar na raka dattijon bakin asibiti, muka yi musayar lamba, na hau motar Birnin Kebbi a Naira 700, tafiyar minti ashirin.

Da na koma Kano na kira shi. Ya ce kwana goman sun wuce lafiya, shi kuma ya kammala alluransa, sai dai kuɗin mota da na allura sun cinye masa buhun albasa guda. Duna ya taɓa tauna bandejin sai da aka sake naɗawa, yanzu yana dogara ƙafar kaɗan-kaɗan, kuma Likita ya ce da wuya ɗingishin ya rabu da shi gaba ɗaya. Yaron ya ɗan jima yana ƙin bin hanyar garka, amma ya koma. Na tambaya yaushe za su sake kai shi Kalgo a kwance ɗaurin. Ya ce ba za su je ba, surukin nasa ya ce zai zo Gwandu da kansa a kan babur, ya taho da allurar rigakafi, kuma maƙwabta uku sun ce a haɗa da nasu karnukan.