Allahn da babana ya sani

Ranar wata Lahadi, bayan an tashi daga sujadar Hausa, ina zaune a ƙofar gidana a Karu, jikata ta zo ta tsuguna gefen kujerata. Majami'ar da ke bayan layinmu kuwa ta saki lasifika, addu'a na tashi kamar ana rabon faɗa. Sai yarinyar ta ce, "Kaka, kai me ya sa in kana addu'a ba a jin muryarka? Ko Allahnku daban ne da nasu?" Na yi dariya na ce, "Amarya, kunnen Allah ba ya ciwo." Ta tafi wasanta, ta bar ni da tambayar.

Mu da mutanen bayan layin Littafi Mai Tsarki ɗaya muke karantawa, Yesu Almasihu ɗaya muke kira. Amma na daɗe a duniya, na kuma gane cewa abin da baki ke furtawa a majami'a daban, kamannin Allah da mutum ya ɓoye a ƙasan zuciyarsa daban. Wannan na ɓoyen shi ke tuƙa mutum. Shi ke nuna masa yadda zai yi addu'a, yadda zai riƙe 'ya'yansa, da abin da zai yi ranar da ƙasa ta tsage masa. Ni kaina na sauya Allah a zuciyata fiye da sau ɗaya, alhali ban taɓa sauya ikilisiya ba.

An haife ni a 1948 a wani ƙauye na ƙasar Malumfashi. Kakana Bamaguje ne. Bai taɓa musun akwai Allah ba, har rantsuwa yakan yi da sunansa. Sai dai a wurinsa Allah na can nesa, kamar Sarkin Katsina ga talakan ƙauye: ka san yana nan, amma dagaci da mai unguwa su ne naka. Iskoki su ne dagatan. Iskan da ake kira Kan gida na son jan zakara, ka ba shi ka zauna lafiya, ka hana shi ka ga ba daidai ba. Ciniki ne tsagwaronsa, kuma kakana ɗan kasuwa ne mai cika alkawari.

Da kuturta ta fito wa babana yana saurayi, an yanka abin yankawa har garke ya ragu. Da abin ya ƙi, aka yi masa bukka a bayan gida, aka ware masa ƙwaryarsa da akushinsa, ana ajiye masa tuwo a ƙasa a ja da baya. Daga bisani wani ɗan'uwa ya kai shi Babbar Ruga, kusa da birnin Katsina. A 1937 ne aka danƙa wa 'yan mishan na SIM kula da sansanonin kutare na lardunan Katsina da Kano da Sakkwato, wato Babbar Ruga da Yadakunya da Amanawa. Lokacin ƙwayar dafson ba ta zo ba, allurar man wani icce na ƙasar Indiya ake yi, mai zafin tsiya. Babana ba ya ba da labarin allurar sosai. Abin da yake maimaitawa har ya tsufa shi ne ranar farko, da wata ma'aikaciyar jinya ta kama hannunsa da nata hannun, babu tsumma a tsakani, tana juya shi tana dubawa. Ya ce shekara huɗu ke nan rabon da fatar ɗan Adam ta taɓa tasa.

A can ya koyi karatun boko, da Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda aka buga cikakke a 1932, aikin Likita Mila na Zariya da abokan aikinsa. Da ya iso farkon Bisharar Markus, inda kuturu ya zo wurin Yesu, Yesu kuma ya miƙa hannu ya taɓa shi tun kafin ya warke, sai babana ya ce ya gane wanda ake magana a kansa. Ya dawo gida da yatsu bakwai da wannan sani. Addu'arsa kuwa ba ta da ado ko kaɗan. Da asuba sai ka ji yana cewa, "Uba, ka dai ga dawar bana," kamar mai ba maigida rahoton gona.

Ni kuwa kunyar hannuwansa nake ji. Ina faɗar haka yanzu da furfura a kaina, kuma har yau akwai ɗaci. In ya zo ziyara makarantar kwana, nakan ja shi bayan aji don kada yara su gani. A makarantar nan na sami nawa Allahn. Muna da wani hedimasta mai rajista da bulala, wanda bai taɓa mantuwa da laifi ba. Ya koya mana ayoyi da yawa, na kuma gode masa, amma ba tare da na sani ba sai na ɗauki fuskarsa na manna wa Ubangiji. Allahna ya zama mai rajista: ya rubuta wanda ya makara sujada, wanda bai cire zakka ba, wanda aka gani kusa da gidan burkutu. Kalmar alheri ina rera ta a waƙa duk Lahadi, ba ta taɓa sauka ƙasa da maƙogwarona ba.

Wanda Allahnsa mai rajista ne, shi ma rajista yake buɗewa. Na yi aikin gwamnati a Kaduna da Legas, aka kwaso mu zuwa Abuja lokacin da Janar Babangida ya dawo da fadar mulki nan a ranar 12 ga Disamba 1991. Ba a jima ba aka zaɓe ni dattijon ikilisiya a sashen Hausa. Wata shekara wata yarinya 'yar mawaƙa ta yi ciki ba aure. A zaman dattawa wasu suka ce a bi ta a hankali, marainiya ce, a hannun gwaggonta take. Ni na tsaya kai da fata sai an karanta sunanta a gaban jama'a, a sa ta ƙarƙashin horo, ta koma bencin baya. Haka aka yi. Ta zauna a bencin nan Lahadi uku, kanta a sunkuye. Ta huɗu ba ta zo ba. Wanda ya yi mata cikin kuwa, da yake ba ɗan ikilisiyarmu ba ne, ko sunansa ba mu tambaya ba. Na koma gida ranar ina jin na tsare wa Allah mutuncinsa.

Abuja kuma ta yi mini nata karatun. Gari ne na fayil da kwangila, inda komai ke tafiya da wa ka sani da me ka kawo. Mutum ya shekara goma sha yana ganin haka daga Litinin zuwa Juma'a, da wuya ranar Lahadi ya yi tunanin sama ta bambanta. A 2009 ciwon daji ya kama matata. Da likitoci suka fara kauce wa idona, wani abokin aiki ya kai ni wurin wani mai wa'azi da ake ta yayinsa. Ya ce in shuka iri gwargwadon girman abin da nake roƙo. Ina da fili guda da na tanada don ritaya. Na sayar, na kai kuɗin a cikin ambulan, na durƙusa aka ɗora mini hannu. Matata ba ta sani ba. Da ta sani da ta hana, don ita 'yar zumuntar mata ce ta gaske, mai taurin kai a kan abin da ta gaskata. Bayan wata biyar muka binne ta. Da na koma wurin mutumin, ya ce ko dai bangaskiyata ta yi rauni, ko akwai wani zunubi a gidan da ba a tona ba. Abokan Ayuba ma haka suka ce masa, sai dai su sun fara zama da shi kwana bakwai ba su ce uffan ba, kuma ba su karɓi ko anini ba.

Na yi kusan shekara ba na addu'a. Ina zuwa majami'a, ina raba jibin Ubangiji, cikina kuwa fayau. A cikin wannan shirun ne na gane abin da na aikata. Ambulan ɗin nan jan zakaran kakana ne. Kan gida ne ya sa kwat ya biyo ni Abuja. Kakana ma ya fi ni gaskiya, don shi bai taɓa cewa da Allah Maɗaukaki yake ciniki ba.

Wanda ya fi kowa zama da ni a makokin matata shi ne maƙwabcina, wani Alhaji mutumin Zariya. Kwana uku yana kan tabarma, in lokacin salla ya yi ya je ya dawo. Ba ya cewa komai sai "Malam, Allah ya ba da haƙuri." Ni da shi suna ɗaya muke kira. Kiristan Bahaushe bai san wata kalma ba sai Allah, kamar yadda Kiristocin Masar da Labanan ke faɗa da Larabci. Da na ji a rediyo a 2013 cewa wata kotu a Malesiya ta hana jaridar Katolika amfani da kalmar, na ba Alhaji labari, ya ce to mu Hausawa a raba mu ta yaya, a tsaga harshen biyu? Amma ba ma yi wa juna ƙarya. In hira ta kai kan kiran Allah Uba, ko kan gicciye, sai ya girgiza kai ya ce Allah ya fi ƙarfin a wulaƙanta shi haka. Ina girmama wannan kishin nasa. Ni kuwa a daidai wurin da ya tsaya nan tawa bangaskiyar ta kafa ƙafa: cewa Mai Iko Dukka ya yarda ya sauko inda ake jin ciwo, ya kuma ji shi a jikinsa. In ka bi ta tsakiyar gari za ka ga Masallacin Ƙasa da Cibiyar Kiristoci ta Ƙasa, wadda aka kammala a 2005, suna hangen juna. Haka muke ni da Alhaji, sai dai mu muna aika wa juna tuwon salla da shinkafar Kirsimeti.

Safiyar Litinin 14 ga Afrilu 2014, ina shan koko, wata ƙara ta girgiza tagogin gidana. Bom ne ya tashi a tashar motar Nyanya, lokacin da ma'aikata ke rububin shiga bas zuwa cikin gari. Fiye da mutum 70 suka mutu. Wata gwauruwa 'yar ikilisiyarmu ta zo da gudu ba ɗankwali, ɗanta ya fita tun da duhu, wayarsa ba ta shiga. Muka bi asibitoci ɗaya bayan ɗaya har la'asar. A na ƙarshe aka kai mu ɗakin ajiye gawa. Ta gane shi da takalminsa.

Da a shekarun baya ne, da na buɗe baki na jero mata dalilai, don mai rajista ba ya rasa bayani. Ran nan ban sami ko ɗaya ba. Ta kama hannuna ta ƙanƙame, na bar mata shi, muka zauna a dakalin asibiti har aka kira magariba. Ina kallon hannuwanmu sai na ga na babana. Mutumin da na riƙa ɓoyewa a bayan aji ya san abin da ni mai takardun shaida ban sani ba sai da na haura sittin. A daren nan na yi addu'a, karo na farko da gaske tun rasuwar matata, kuma kalma ɗaya ce ta fito: Uba.

Ban ce na daina gaskata cewa Allah mai shari'a ne ba. Wanda ya ga abin da na gani a Nyanya, ko ya zauna da mutanen Gwoza a sansanin 'yan gudun hijira na Durumi, dole ya so a yi ranar hisabi. Abin da ya sauya shi ne na sauka daga kujerar da ba tawa ba. Na sa aka nemo mini yarinyar nan ta bencin baya. Na same ta a Mararaba tana sayar da abinci, ɗan nata har ya shiga jami'a. Na cire hula na roƙe ta gafara a gaban masu cin abincinta. Ta ce, "Baba, ai ya wuce," ta zuba mini shinkafa da wake ta ƙi karɓar kuɗi. Majami'armu dai ba ta dawo ba, ban kuma ga laifinta ba.

Littafin babana yana wurina, bangonsa na fatar akuya da ya ɗinka da kansa. Da yake yatsunsa ba sa kama takarda, da dungun hannu yake buɗe shafi, ya ɗan jiƙa shi da yawu. Saboda haka duk inda ya fi zuwa gefen ya yi baƙi, kuma babu inda ya kai farkon Markus duhu. Idona ya yi rauni yanzu. Da yamma nakan kira Amarya ta karanta mini. Hausar 1932 tana ba ta wuya, tana tuntuɓe tana dariya, ina gyara mata. Jiya ta tsaya a tsakiyar shafin ta ce, "Kaka, wa ya ɓata wurin nan haka?" Na ce ta matso da kujerarta.