Ruwan Jos Ba Ya Tafasa a Digiri 100

A farkon shekarun da na soma koyar da fiziks a wata makarantar sakandare a Jos, na rage wa wata ɗaliba maki saboda ta faɗi gaskiya. Darasin zafi muke yi da 'yan aji ɗaya na babbar sakandare. Na raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni da risho da gwangwanin ruwa da ma'aunin zafi, na ce su rubuta inda ruwan zai tafasa. Da na karɓi littattafai, kusan kowa 100 ya rubuta, ita kaɗai ta rubuta 96. Na zare jan biro na soke, na ce mata ko ɗan firamare ya san amsar. Ta ce, "Malam, wallahi abin da na gani ke nan." Na ce to idonta ne ke da matsala. Ajin ya fashe da dariya, ta goge ta rubuta 100.

Abin ya wuce a wurina, har wata rana ina shirya kayan gwaji ni kaɗai na ga ma'aunin ya tsaya cak a 96, ruwa kuwa sai ɓararraka yake. Na ɗauko wani ma'aunin, haka. Na fara mita cewa an sayo mana jabun kaya. Dattijon da ke kula da ɗakin gwaji ya ɗago kai ya ce, "Malam, tun da na kama aiki a nan ban taɓa ganin ya kai ɗari ba." Na ce, "Baba, me ya hana ka faɗa?" Ya ce ba wanda ya taɓa tambayarsa.

Abin kunyar shi ne na san dalilin, na ma taɓa rubuta shi a jarrabawa. Ruwa yana tafasa ne idan ƙarfin tururinsa ya kai nauyin iskar da ke danne shi. A bakin teku, kamar Legas, nauyin nan yana kai kilofaskal 101, ruwa kuma ya tafasa a 100. Jos tana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, iskar da ke samanmu ba ta kai ta Legas nauyi ba, don haka ruwa kan tafasa da wuri. Kusan duk hawan mita 300 yana zaftare digiri ɗaya. A Kano zai tafasa tsakanin 98 da 99, a tsaunin Mambila kuma wajen 95. Shi kansa Anders Celsius na ƙasar Suwidin, wanda ya fito da tsarin awon zafi mai digiri ɗari a 1742, ya lura cewa tafasar ruwa tana bin nauyin iska. Littafinmu ma bai ɓoye ba: bayan 100 ɗin akwai sharaɗin nauyin iska na bakin teku. Ni ne na haddace lambar na yar da sharaɗin.

Da na natsu sai na ga ɓarnar ta fi rage maki. Sauran ɗaliban su ma 96 suka gani, amma suka rubuta abin da suka san zai faranta min rai, ni kuma na saka musu da cikakken maki. Na fara tuna yadda suke yi a sauran gwaje-gwaje: kafin su taɓa kayan aiki sai su ce, "Malam, nawa ya kamata mu samu?" Wato abin da na koya musu shi ne amsa tana bakin malami, gwajin kuma cika sharaɗi ne kawai.

Na tsaya gaban ajin na ba yarinyar haƙuri, na mayar mata da makinta. Bai yi min daɗi ba, don malami a ƙasar nan bai saba cewa "na yi kuskure" a gaban yara ba. Muka sake gwajin, kowane rukuni ya rubuta nasa a allo: daga 95 da rabi zuwa 97. Muka tsoma ma'aunan cikin ruwan ƙanƙara don mu ga ko suna da lafiya, tunda tsayin gari kusan ba ya taɓa narkewar ƙanƙara, duka suka sauko kusa da sifiri. Sai na bar su da tambayar abin da ya hana ruwan kai 100 har mako ya zagayo. Wani yaro da mahaifiyarsa ke da tukunyar matsi shi ya fara kamo bakin zaren: idan ƙara matsi yana sa ruwa ya haura 100 har wake ya nuna da wuri, to rage matsi fa?

Tun daga nan na sauya yadda nake ba da maki. Rabo mafi tsoka yana ga yadda ɗalibi ya auna, ko ya maimaita, da yadda ya bayyana abin da ya samu, ko da ya saɓa wa littafi. Kafin kowane gwaji kowa ya rubuta hasashensa da biro, don kada a goge. Idan sakamako ya zo a karkace, sai mu binciki abu uku a jere: kayan aiki, hannun mai awo, sannan sharaɗin da littafi ya gindaya. Rashin kaya ma ba hujja ba ce. Ruwan zoɓo yana ƙara ja idan aka ɗiga masa lemon tsami, ya koma kore-kore idan ya haɗu da kanwa, kuma yaro zai iya maimaita wannan a gida ba tare da ni ba.

Na san matsin da malamai ke ciki: manhaja doguwa, aji cike maƙil, ga jarrabawar WAEC da NECO a gaba. Wannan ne ke sa a rubuta wa yara sakamakon gwaji a allo su kwafa. Amma daga cikin yaran nan ne za a sami mai auna jinin majinyaci da mai gwada ƙarfin kankaren gada. Wanda ya saba rubuta lambar da ake so tun yana ɗan shekara 15, da wuya ya daina ranar da aka ɗora masa amanar rayukan mutane.